Sukuru Na Bakwai

Da hantsi muka iso Wusasa,
ni da Tanimu da jakar kayan aiki.
Fiyanon na jingine da bango a ajin ƙarshe
kamar tsohon da ya gaji da layin fansho.
Malama Laraba ta ce haƙora huɗu sun daina magana,
ɗaya kuma in an danna shi sai ya ƙi tashi.

Ba a ganin ciwo sai an buɗe ƙirji.
Sukuru shida suka fito da ladabi,
na jera su a murfin gwangwanin madara.
Na bakwai ya ce ba da shi ba.

Damina talatin ta shiga katakon nan ta fita,
ya kumbura, ya tsuke, ya sake kumbura,
har ya riƙe ƙarfen
riƙon da uwa ke wa hannun ɗanta a kasuwa.

Tanimu ya naɗe hannun riga.
Na ce a'a, ƙarfi a nan asara ne.
Ɗauko allura ka share tsagar kansa,
bakin sukudireba ya zauna daram, kada ya yi rawa.
Sannan ka ɗan ɗaure shi.
Ya dube ni: ɗaurewa, Baba?
E. Wanda ya daɗe a wuri guda
ba a fara masa da fito.
Sai ka ɗan taya shi zama tukuna.

Bugu uku da guduma, ba na faɗa ba, na sallama.
Kananzir ɗigo ɗaya a tsinken tsintsiya,
ɗaya tak, nesa da turakun tsirkiya,
don su in sun sha mai
ba sa ƙara riƙe murya.

Muka fita gindin mangwaro muna ɓare gyaɗa.
Kufena na can, shi ma bai motsa ba.
Jira ma aiki ne,
sai dai ba a rubuta shi a rasit.

Da muka dawo Tanimu ya haska tocila,
ya yi tsaki.
Wane mugun ne ya tauna kan sukurun nan haka?
Dubi har ya yi wa katakon tsaga.

Na dubi tsagar.
Shekarata sha bakwai a ranar.
Baba Istifanus ya fita neman ruwan sha,
na so ya dawo ya tarar na gama.
Na danna da kafaɗa, ƙarfen ya zame,
ya ci kan sukurun, ya ja layi a jikin katako.
Na shafa man takalmi a wurin.
Da ya dawo ya bi layin da babban yatsa,
sau ɗaya,
ya ce mu tattara, yamma ta yi.
Har aka kai shi makwancinsa bai tayar da zancen ba.

Na ce wa Tanimu, ni ne.
Bai san inda zai ajiye idonsa ba.

Da guntun zarto na yanka sabuwar tsaga,
a hankali, kamar mai yanke wa jariri farce.
Muka zafafa ƙusa a gawayin mai shayi,
muka ɗora a kansa har ɗumi ya sauka ƙasa.
Na miƙa wa yaron sukudireba.
Dama kaɗan.
Yanzu hagu.

Ƙiii.

Kuka ɗaya ya yi, irin na ƙofar da aka manta,
ya fito ja wur, yana zubar da gari.
Tanimu ya ce a Sabon Gari akwai sababbi.
Na goge shi, na shafa masa sabulu,
na ajiye shi kusa da 'yan'uwansa.

A ciki, ɓera ya yi sheƙa da ulun gudumomi,
ga guntun fensir, ga kwabo mai huji.
Aikin da ya kawo mu bai ci rabin sa'a ba.

Malama ta danna haƙorin da ya ƙi tashi,
ya tashi.
Yara suka cika taga.
Ina ɗaure jaka na hangi Tanimu
yana bin tsagar nan da babban yatsa.