Ɗaya Cikin Ɗari

Shekara talatin da biyu ina aikin safiyo,
ina naɗe gonakin mutane in shimfiɗa su a takarda.
Filin da ke cin yini guda a ƙafa
sai ya kwanta a tafin hannuna, ba gardama.
Da na ajiye aiki, hannun ya ƙi ajiyewa.

Ban taɓa ganin teku ba.
Babban ruwan da na sani dam ɗin Jibiya ne,
shi ma rani na gatsar bakinsa.
Amma a shagon Sallau mai gyaran rediyo
akwai wata kalanda mai hoton jirgin ruwa,
fari, dogo, da hayaƙi a ka.
Da shekararta ta mutu na roƙe ta.

Na ce: ɗaya cikin ɗari.
Taku ɗari a can, taku ɗaya a zaurena.

Katakon akwatin shayi ya zama haƙarƙari,
gwangwanin madara na tsaga na buga masa fata,
tsinken tsire ya yi dogaran bene,
zaren da Hanne ta bari a keken ɗinki ya zama igiya.
Tagogi arba'in da huɗu na huda da basilla,
uku suka karkace, na kwana ban yafe musu ba.
Gam ya cinye zanen yatsuna
har na'urar tantance 'yan fansho
ta ce ba ni ba ne.

A majalisa bayan la'asar sukan ce,
"Badamasi, mi ya yi zafi?
Wasan yara da furfura?"
In yi dariya, raina na can wajen farfela.

Wata goma sha ɗaya.
Na ɗora shi bisa kabad, na hana kowa taɓawa,
ƙarƙashin jirgin saman da na gama bara,
wanda ke rataye da kirtani,
bai je ko'ina ba, bai kuma yi ƙorafi ba.

Sai wata Laraba cikin Agusta
ruwa ya kwana yana zuba,
layinmu na Ƙofar Marusa ya tashi da kogi a ƙofa.
Na dawo daga masallaci, kan kabad wayam.
Ga kujera an jawo,
ga sawun 'yar ƙafa a kanta.

Na fito da faɗa cike da baki.
Zulai, jikata, shekara shida,
durƙushe a bakin lambatu,
ta riga ta buɗe hannu.

Ya yi tangaɗi. Ya karkata hagu.
Na san wannan hagun, nan na cika gam.
Sai ya miƙe.
Ya tafi.

Ban san inda faɗan ya zube ba.
Na tattare riga na bi shi,
takalmi ɗaya ya zauna a taɓo,
yara na ihu, mai shayi ya bar ludayi a tukunya.
Ya kauce wa baƙar leda,
ya ture ɓawon rake da ƙirji kamar mai sauri.
Taku sittin na ƙirga,
safiyo ba ya barin ƙirga ko da gudu yake,
sannan kwalbati ya haɗiye shi.

Muka tsaya a ɗaya bakin.
Ruwa ya fito. Ledar ta fito.
Ɓawon raken ma ya fito.

Zulai ta taɓe baki za ta fara.
Na ce, tsaya mu yi lissafi.
Sittin sau ɗari, dubu shida ke nan.
Ai ya bar gari, ya kama hanyar Daura,
ni da na ƙera shi ban taɓa zaton zai kai masallaci ba.

Da dare na gan ta kwance, ido a sama,
jirgin na juyawa a iskar fanka.
Na jawo kujerar nan don in ɗaga kirtanin.
Na daɗe a tsaye, ƙullin a hannuna.
Na sauko da shi kamu guda.