Ƙunshin Gyang

Sha ɗaya na dare a Gangare,
ruwa na dukan kwanon ɗaki kamar yana bin sa bashi.
Na yafa bargo, na ja kujera,
na buɗe aikin da na yi wa 'yan tumatir na Farin Gada alkawari:
manhajar da za ta riƙe musu lissafin kwanduna,
wa ya kawo, wa ya ɗauka, wa ya ce sai Laraba.

Fuskarta na gama tun jiya,
maɓallai kore shar, sunan ƙungiya da manyan baƙaƙe.
Amma kyan zaure ba ya dafa tuwo.
Can ƙurya, a madafar da ba mai leƙawa,
inda uwar garke ke ƙirga ba ta barci,
nan nake buƙatar ƙunshin Gyang.

Shekara uku ke nan da ya naɗe shi,
ya ɗaure bakinsa tamau kamar ƙullin daddawar kakata,
ya miƙo mini a filashi mai jan zare,
ya ce, “Sagir, ran da ka tashi, shigo da shi kawai.”
Kawai!
Ya hau mota a Mararraba, aiki ya haɗiye shi.

Na ce wa kwamfuta, ga baƙo, a ba shi ɗaki.
Sandar ta fara rarrafe,
goma, talatin, sittin da bakwai,
ta cije.
Jan rubutu ya zubo kamar an fasa kwando.

Ashe baƙon ba shi kaɗai ya zo ba.
Yana neman ƙaninsa,
ƙanin yana neman kawu,
kawun kuwa tsohon yayi ne,
shi da sabuwar na'urata ba sa ga-maciji.
Na bi su ɗaya ɗaya ina sauko da su,
data na tsiyaya kamar kananzir a fasasshen galan.
Aka ɗauke wuta.
Batir ya ce saura arba'in.

Sai na yi abin da ba a cika yi wa ƙunshi ba:
na kwance shi.

Ga hannun Gyang, layi bisa layi,
a tsare kamar kunyoyin dankalin babansa a Vom.
A gefen wani ya bar saƙo:
“Kada a taɓa nan. Ni ma ban san abin da ya sa yake aiki ba.”
Na yi dariya har bargo ya zame.
Can ƙasa kuma:
“Na rubuta wannan a barandar asibiti, Mama na ciki.
In an ga kuskure, a yi haƙuri da ni.”

Ban yi dariya ba.
Na tuna makon. Ban je ba, ina fama da jarrabawa.

Kuskuren yana nan kusa, ɗan mitsitsi.
Ƙunshin na neman wata jaka
a tsohuwar kwamfutarsa, wadda ya sayar a Taminus
don kuɗin magani.
Shekara uku yana ɗaure,
adireshin gidan da ya rushe ne a bakinsa.

Na goge, na rubuta masa nawa.
Na ce, nan ne gida yanzu, shigo.

Sittin da bakwai.
Sittin da takwas.
Na bar numfashina ya fita.

Da asuba ruwa ya ɗauke.
Yanzu haka motoci na juya baya a Farin Gada,
Baba Tanimu na lasar yatsa yana buɗe littafin da zai yi ritaya.
Na gwada kwando ɗaya: ya shiga, ya zauna, an ƙirga shi.

Na tura wa Gyang kalma biyu: “Ya shiga.”
Kafin shayi ya tafasa waya ta yi ƙara.
“Ka taɓa layin nan?”
Na ce, “Ni? Ina!”
Sauran maganar, ta barandar asibiti,
na rubuta, na goge, na sake rubutawa.