Mai Cajin Waya a Ƙofar Jami'a

Rumfata kwano uku ce da katako,
da farantin sola ɗaya a bisa rufi,
daidai inda 'yan kabu-kabu ke jiran fasinja.
Ban yi lakkol ba, amma ina da rajista:
soket arba'in, kowane da lambarsa.

Wayoyi kan zo mini da zafi, kamar masu masassara.
Littattafai kuwa suna hammata, sanyi ƙalau,
ko kunnen shafi ba a lanƙwasa ba.

Ma'azu ɗan Mirya, lamba sha bakwai,
sau uku a yini yake miƙo tasa.
Tumaki biyu babansa ya kai kasuwar Lahadi
don an ce karatun yanzu sai da waya.
Mabiya dubu tara gare shi, in ji shi.
Ya hau duwatsun Birni ya taka rawa,
har daga Agadas ana aiko masa jar zuciya.

Ran da aka liƙa sakamako a bango
ya bi layi da yatsa,
yatsan nan da ya saba sulɓi a kan gilashi,
ya tarar da shida bisa ashirin.
Ya shafa takardar sama. Ba ta wuce ba.
Cikin dubu taran nan
babu wanda ya zo ya dafa kafaɗarsa.

Fasuma ta Garin Malam, lamba huɗu,
fuskar wayarta a tsage kamar gindin tabki da rani.
A ciki take karɓar hoton darasi
in layin famfo ya hana ta isa aji da wuri.
Takan karanta a tsaye, waya na jone,
leɓe na motsi kamar mai lazimi.
Ita ma takan kalli ɗinkin atamfa, na gani,
sai dai ta san inda ake miƙewa daga tabarmar hira.

Wuƙa ɗaya ce, jama'a.
Wani ya feɗe rago, wani ya yanke yatsa.

Ni ma ba zan yi wa'azi da ƙarfi ba,
tuwona daga batirinsu yake fitowa.
Dala ashirin, dala ashirin,
da haka na yi wa ɗiyata kayan salla.
In na rufe rumfa ni ma nakan dangwala
har ladanin Zango ya kama ni ido biyu.

Saura kwana tara jarrabawar gyara
Ma'azu ya zo bayan magariba, babu dariya.
Ya ce, "Baba Lawali, ajiya na kawo.
Ko na yi kuka kada ka ba ni."
Na naɗe ta a tsumma, na kulle a akwati.
Dare duka tana kuka kamar gyare
har numfashinta ya ɗauke.

Sau huɗu ya dawo.
Na farko da roƙo, na biyu da zagi,
na uku ya zauna kawai yana kallon akwatin.
Na huɗu da tawada a yatsa,
ya ce in ara masa fitila.

Goma da rabi ya samu.
Ba wata tsiya ba ce, in ji masu ilimi.
Ya karɓi ajiyarsa, ya juya ta a tafin hannu,
ya daɗe bai kunna ba.
Sannan ya miƙo mini dala ashirin,
ya ce, "Lamba sha bakwai."
Na jona. Me zan ce?