Faifai Shida

A rumfar Baba Gimba, bakin tashar Kumo,
na fara sanin warin tagulla idan ta ƙone.
Yana naɗa waya a cikin mushen fanka,
ya ce, “Ladidi, maganaɗisu a zaune kurma ne.
Motsa shi, ko ki motsa wayar, duk ɗaya,
wuta za ta amsa.”
Shekaruna tara. Ban tambayi dalili ba.

Yau ga ni gaban allo a Kashere,
alli ya cinye mini yatsu.
Na zana gurbi goma sha shida, kamar za a buga dara.
Huɗu daga kusurwa zuwa kusurwa wayam suke,
don gabas ba ta karkata zuwa gabas.
Sha biyun da suka rage shida ne da kishiyarsu:
daga gabas ka juya arewa, riba,
daga arewa ka komo gabas, bashi.

Barde ya ɗaga hannu daga bencin baya:
“Malama, ina kibiyar take?”
Na ce rataye bakanka, yau ba harbi.
Hanya huɗu ce: tsawo, faɗi, bisa, sai lokaci.
Duk biyun da suka gamu, faifai suke saƙawa.
Uku da lokaci ya sa kabarsa a ciki, su ne lantarki.
Uku da ba ruwansu da agogo, maganaɗisu.

Kun ga mai shiƙa da hantsi?
Ta karkata faifai, inuwar ƙasa ta tsuke,
ta jikin katanga ta buɗe.
Faifan ko ƙwayar kaba bai rasa ba.
Haka gudu yake karkata lokacin mai gudu:
na zaune ya rantse lantarki kaɗai ya gani,
na kan babur ya ce har da maganaɗisu,
kuma ba wanda ya yi ƙarya.
Lissafi biyu ne kawai ba sa sauya baki,
ko wa ya zo shaida.

Ran Asabar na kai wa Baba takardar.
Ya kusanto da ita hanci, ya nesanta, ya juya ta ƙasa-bisa.
“Wannan zai tashi fankar Hajiya Dudu?”
Na ce a’a.
Ya haɗa waya biyu da haƙori da filaya,
fanka ta yi tari, ta kama juyi,
iskarta ta ɗauke takardar zuwa kwata.

Ya ce, “Bar ta. Ashe suna kuka raɗa masa.”