Ƙwayar Gero Mai Tafiya

A Borneo, gindin wani dutsen farar ƙasa,
ruwan dare ya ɗauke, ganye na ɗiga.
Gimbang mai gadi ya durƙusa zai ɗaure takalmi,
sai ga ƙwayar gero tana tafiya a kan gansakuka.

Ya ce, "Ashe da rai."

Dodon koɗi ne, ƙahoninsa kamar gashin ido,
katantanwarsa ta murɗe, ta sake murɗewa.
Kakarsa ta taɓa ce masa
irin wannan ba ya ƙetare kogi,
nan aka haife shi, nan zai ƙare.

Ƙarfe bakwai za a busa jiniya.
Nakiya ta kwana a cikin dutsen,
motocin siminti sun ja layi tun asuba,
direbobi na kurɓar kofi a rumfa.

Gimbang ya yagi ganyen ayaba,
ya ɗauke shi kamar mai cire haki a idon jariri.
Ya duba gabas: gonar kwakwar manja.
Ya duba yamma: ita ce dai.

Ya tsaya, ganye a tafin hannu,
shi kuwa ɗan tahalikin bai fasa ba,
yana ta jan zarensa mai ƙyalli
zuwa bakin ganyen.