Inda Haske Ya Tsaya

Wata uku ina zargin shayi mai zafi,
ina zargin ƙanƙara, ina zargin tsufa.
In na ciza, shiru.
Sai na saki zogin yake harbowa,
kamar allurar da aka soka aka zare.

Hoton haƙori ya fito fes.
Likita Kuroiwa ta ɗaga shi, ta karkata kai.
"Hoto bai ga kome ba, Baba Eguchi,
amma ai ba hoto ke kwana da ciwon ba."

Ta kashe babbar fitila, ta ja labule.
Ruwan saman Arita yana ta surutu a kan rufi.
Ta ɗauko wani abu da bai kai alƙalami kauri ba,
da ɗigon haske a bakinsa,
ta jingina shi a gefen turmin haƙorina na hagu,
ta miƙo mini madubi.

Na farko ya kama, tas,
kamar an kunna kyandir cikin ƙwai.
Na biyu ma haka.
Na uku, haske ya shiga da gudu,
ya kai tsakiya, ya ci birki.
Rabi rana, rabi dare,
tsakaninsu zare ɗaya, bai kai gashin gira ba.

Dariya ta kama ni da yatsunta a bakina.

Shekara arba'in da ɗaya wannan ne aikina.
Kwanon tangaran ya fito daga matoya,
in ɗaga shi saitin taga,
in juya, in juya,
in ɗan ƙwanƙwasa da farce.
Lafiyayye yana amsawa da doguwar murya.
Mai tsaga yakan ce "ƙwas", ya yi gum.
Ba na jayayya da shi.
In jefa shi bayan shago, kan 'yan'uwansa,
tsibin da ya fi ni tsawo tun kafin in yi furfura.

Baƙi suna son kwanon da aka ɗinke da ruwan zinariya.
Ni ban taɓa ɗinke ko ɗaya ba.

"Kana cizon haƙora cikin barci?" in ji ta.
Wa zai gaya mini?
Tomie ce mai zungura ta da gwiwar hannu,
ta ce, kai, dutsen niƙa, bari mutane su huta.
Bara da kaka muka kai tokarta haikalin kan tudu.
Tun daga nan ɗakin ba mai ƙorafi,
ina ta niƙa dare, ba gari, ba tsaki.

Likita ta sake matsa hasken,
ta bi zaren a hankali zuwa dasashi,
ni kuwa na riƙe numfashi
kamar ranar buɗe matoya.

"Bai kai saiwa ba," ta ce.
"Za mu sa masa hula, ya riƙe kansa.
Ba mannewa zai yi ba, ka sani.
Tsagar tana nan. Hana ta tafiya kawai za mu yi."

Ta rubuta mini Talata, ƙarfe goma.

Da na koma gida ban kunna wuta ba.
Na zaga bayan shago da tocila,
ruwa yana shiga mini wuya,
na tsuguna gaban tsibin,
na ɗauki wani ƙaramin kofi mai zanen gora,
na haska shi ta gefe.

Rabi ya kama.
Na goge shi da hannun riga,
na shiga da shi ciki.