Kwalba ta Bakwai

Ƙarfe uku na dare a Recife,
ruwa na dukan tagar ɗakin bincike.
Daga ni sai kwalabe goma sha ɗaya.
Ta bakwai jinin Josenilda ce,
cikin wata takwas, gadon bakin ƙofa.

Ma'aunin zafi ya ce lafiya lau.
Zuciya na sauri, to wace mai ciki ce tata ke tafiyar hawainiya?
Numfashi sama-sama, aka ce ɗa ne ya tokare.
Haka gubar jini ke shiga jikin mai juna biyu,
sanye da kayan 'yan gida,
har a yi mata sannu da zuwa.

Malamina Teodósio, kafin ƙafa ta gaza masa,
yakan tsayar da ni kan gadar Capibaribe:
"Kada ki tuhumi rafi ɗaya da laifin ambaliya.
Tambayi teku, tambayi wata,
tambayi kwatar da ta toshe
a unguwar da ba ki taɓa takawa ba."

Don haka ban tambayi abu ɗaya ba.
Na ba na'ura ɗigon jinin,
dubban ƙwayoyin halitta suka hau allo,
wasu na ihu, wasu sun yi gum,
furotin na jan furotin
kamar komar masunta, ka taɓa nan, can ya motsa.
Garkuwar jikin da ta shafe watanni tana sassauta hannu
don kada ta kori baƙon mahaifa,
yau ta rasa wa za ta bari, wa za ta sara.
Ƙoda na yi wa hanta raɗa.
Huhu bai ji ba tukuna.

Ja ya taru a kusurwar hagu.
Na san wannan zanen.
Bara na gan shi a jinin Marinalva,
kwana tara bayan an binne ta.

Na ɗaga waya.
Edivânia ta ce, "Barci fa take, har tuwon rogo ta ci."
Na ce a tashe ta, a taso likita.

Taswirata ba ta cika ba, na sani,
akwai layukan da ban san inda suka nufa ba.
Amma da asuba na leƙa:
ruwan magani na ɗiga a hannunta,
tana mita an hana ta kofi,
ɗayan hannun a kan cikin
inda wani ke shuri.

Na koma. Saura kwalba huɗu.